Adda Hadijatu da Ɗakin Shan Magani na Kaikai

Sunanta Hadijatu, amma daga Kaikai har Kusada ba mai kiranta sai ya sa Adda a gaba, har waɗanda suka girme ta. A ruga aka haife ta, yamma da Kaikai, gidan da ba a san wata sana'a ba sai kiwo da tallan nono. Doguwa ce siririya mai saurin tafiya, kuma tun tana budurwa aka san halinta: in ta ce a'a, to a nemi wata maganar. Mijinta Sodangi mutum ne mai sanyi, yana iya wuni bayan shanu bai ce uffan ba, har mutane kan ce bakin gidan duka ita aka ba.

Shekara biyu da samun 'yancin kai, ana tsakiyar damina, wani bijimi da Sodangi ya raina tun yana maraƙi ya soke shi a cinya da sassafe. 'Yan'uwansa suka ɗaure wurin da rawani, suka ɗora shi a kan takarkari har bakin titi a Kankiya. Nan suka zauna jiran mota har rana ta take tsaka, kafin wata babbar mota mai ɗauke da fatu ta yarda ta kwashe su. La'asar ta yi kafin su isa babban asibitin birni.

Abin da Adda ta tarar a can bai taɓa fita ranta ba. Ƙofar da ake yankar kati tun ƙarfe sha biyu aka rufe ta. Ma'aikatan gwamnati da na kamfani suna da takardarsu, da wurin da ake duba su daban. Sauran jama'a kuwa, mutanen ƙauye da motocinsu ba sa isowa sai bayan azahar, ƙofa ɗaya ta rage musu, ta ɗakin gaggawa, wanda aka yi domin wanda mota ta buge ko maciji ya sara. Baranda cike take maƙil. Ga mai tari, ga mai ciwon ido, ga mai kurkunu a ƙafa, ga mai gyambon da ya shekara, ga mata da goyo suna ta kuka. Malamin asibiti ɗaya ne a ciki, kowa kuma na rantsuwa nasa ciwon ya fi. Aka shimfiɗe Sodangi a ƙarshen layi. Adda ta yi magana ba a ji ba, ta ɗaga murya ba a ji ba, sai da ta kutsa ta ture wani dattijo, ta kamo hannun rigar malamin ta jawo shi waje. Da ya kwance rawanin ya ga ciwon, sai ya ɗago kai ya tambaye ta tun yaushe suke nan. Lokacin ana kiran magariba.

Sodangi ya rayu, amma ƙafar ba ta yi ba. Bayan kwana shida aka yanke ta. Likita bai ce jiran ne ya jawo ba, ita ma ba ta tambaya ba, don ta riga ta yanke hukuncinta a zuci.

Wata huɗu suka yi a asibitin. A makonnin farko Adda ba ta ko gaisawa da mutanen barandar nan, kallon su take a matsayin waɗanda suka cinye ƙafar mijinta. Ana nan wata rana ta hango Kulu, wata mata daga Kafinsoli da ta saba sayen nono a wurinta, riƙe da ɗiyarta da idanu suka liƙe da kwantsa. Maimakon gaisuwa sai Adda ta rufe ta da faɗa, ta ce don ciwon ido ta taso tun daga gida ta zo ta tare ƙofar masu mutuwa. Kulu ba ta yi fushi ba. Ta gyara wa yarinyar zama ta ce, "To ina zan kai ta, Adda? Ki nuna mani wata ƙofar in tahi."

Adda ta koma gefe. Ta tsaya ta ga lokacin da layi ya zo kansu: malamin ya wanke idon, ya matsa magani, ya sallame su, bai kai tsawon alwala ba. Kwana biyu Kulu ta yi a hanya da baranda saboda wannan. Daga ranar fushin Adda ya sauya wuri.

Da aka sallami Sodangi, baffansa Jaji ya zo tafiya da su gida. Ya tarar Adda ta nemi aikin shara a ɗakin gaggawar, an kuma ɗauke ta. Jaji ya ce a zuri'arsu ba a taɓa samun macen da ke wanke mugunyar baƙi ba, in ta zauna ta ja musu abin faɗa. Ta durƙusa kamar yadda ake yi wa babba, ta ce ta ji, Baffa, amma ba za ta koma ba sai ta san abin da ake yi a cikin ɗakin nan. Jaji ya juya ga Sodangi, yana jiran ya tsawatar. Sodangi ya dubi sandarsa ya ce inda matarsa take nan yake. Ya koyi gyaran takalma a bakin ƙofar asibitin, suka kama ɗaki a bayan gari.

Shekara goma sha ɗaya ta yi da tsintsiya da bokiti. Malamin nan da ta ja wa riga, Malam Lawal, ashe mutumin Kusada ne, kuma da ya ga ba ta ƙyamar jini ba ta mantuwa, sai ya riƙa nuna mata aiki in layi ya yi yawa. Ta iya dafa bandeji, ta iya wanke gyambo har ya nuna jan nama, ta iya sa maganin ido, ta san kwalabe da kalarsu da warinsu tun da ba ta karanta boko. Abin da ya fi nanata mata shi ne ta san ciwon da ya fi ƙarfinta: wuyan da ya sanƙare, cikin da ya yi tauri kamar allo, mai naƙudar da jini ya ɓalle mata, saran maciji. Waɗannan, in ji shi, ba a ba su komai sai mota.

Cikin shekarun nan kuɗin mai suka fara shigowa. Aka gyara titi, motoci suka yi yawa, kowa ya ga birni ya matso. Sai barandar ta ninka. Adda kan tsaya da tsintsiya ta dube su, ta ga cikin goma da ƙyar a sami biyu da lallai sai nan ɗin.

Shekarar da aka fito da naira Malam Lawal ya yi ritaya ya koma Kusada. A watan Adda ta ajiye aiki, suka koma Kaikai. Ba ta yi sati ba ta taka har gidansa, ta same shi a zaure ya miƙe ƙafa, ta ce so take su buɗe ɗakin shan magani a Kaikai. Ya ce ya gaji, shekara talatin yana shaƙar ciwo. Ta ce, "Malam, fansho ka yi, ba mutuwa ba. Kwana biyu a mako nike so, sauran ni zan riƙe." Ta zauna nan har aka yi azahar aka yi la'asar, sai da ya ce to.

Mai gari ya ba su fili kusa da kasuwa. Shekarar fari ce, shanu na zubewa, ba wanda ke da abin bayarwa, don haka Adda ta sayar da shanunta biyu na gado tun kafin yunwa ta kashe su, Malam Lawal ya sayo magani da kayan aiki da kuɗin. Mata suka ɗebo ruwa, Sodangi ya zauna a ƙasa yana buga tubali. Ɗaki ɗaya ne na ƙasa, da ƙyauren langa-langa, da benci a waje.

Mutane ba su ruga ba. Yawancinsu allura suke so, a ganinsu maganin da ba a soka ba bai cika magani ba, Adda kuwa ba ta yin allura, sai ranar da Malam ya zo a kan kekensa, shi ma sai ya ga dalili. Akwai kuma Shehu, mai a-kori-kurar da ke jigilar marasa lafiya zuwa birni, wanda ya laƙa wa wurin suna asibitin tsintsiya, yana faɗa a tasha ana dariya. Adda ta same shi gaban fasinjojinsa ta ce tsintsiyar nan ta share jinin da ya fi man motarsa yawa. Sannan ta gaya masa abin da ya kawo ta: duk wanda ta ɗaura wa jan zare a hannu, ya tashi da shi nan take, kar ya jira mota ta cika. Shehu ya ce ba ya tuƙa iska. Ta ce to ranar da uwarsa ce ke da zaren, ya jira ta cika. Amma ranar da aka kawo wani makiyayi da kububuwa ta sara, kafin a nemo Shehu har ya tayar da mota.

Ma'aikatan ɗakin gaggawa sun san Adda, don haka ba a daɗe ba suka gane zaren. Wanda ya zo da shi ba ya bin layi. Masu tari da ciwon ido da gyambo kuwa suka fara tsayawa a Kaikai, ɗaya bayan ɗaya, da suka ga mutum na iya zuwa da hantsi ya koma gonarsa kafin azahar. Daga Kafinsoli ma ana zuwa.

A damina ta biyu abin da take tsoro ya faru. Wani manomi mai suna Dauda ya zo ranar da Malam ba ya nan, ya ce cikinsa ke murɗawa, yana jin ɗanyar gyaɗar da ya ci ce. Adda ta danna cikin ta ji shi da laushi. Ta ba shi farin maganin ciki ta ce in bai ji sauƙi ba ya dawo gobe. Bai dawo ba, ita kuma ta ɗauka ya warke. A rana ta uku aka kawo shi a kan jaki, ciki ya yi tauri, gumi na keto masa. Ta ɗaura zare, Shehu ya tayar da mota, amma ba su kai Kankiya ba rai ya yi halinsa.

Ta je ta'aziyya duk da Sodangi ya ce ta bari a kwana biyu. Maza a ƙofar gida suka kau da kai. Ta shiga ciki ta zauna gaban matarsa Kubura, ba ta fake da ƙaddara ba. Ta ce, "Da na biyo shi gida washegari da na gani. Ban biyo ba. Wanga laifina ne, kuma ba zan ɗora wa kowa ba." Kubura kuka kawai take. Daga ranar Adda ta kafa wa kanta doka: duk wanda ta ce ya dawo bai dawo ba, za ta taka har gidansa, ko da a bayan Kusada yake.

'Yan'uwan Dauda suka kai ƙara. Bayan kwana goma wani jami'in lafiya mai suna Kabo ya zo a mota, ya leƙa ɗakin, ya tambayi takardar shaidarta. Ta ce ba ta da ita. Ya yi mata bayani, ba da wulaƙanci ba, cewa doka ba ta yarda mai shara ta ba da magani ba, ga shi har an rasa rai, kuma gwamnati yanzu tana da kuɗi, manyan asibitoci na nan tafe, su yi haƙuri su jira. Ta tambaye shi yaushe. Ya ce ba shi da rana. Ta tambaye shi waɗannan da ke zaune a benci fa, ya ce su tafi birni. Ya sa kwaɗo a ƙofar, ya zuba mabuɗin a aljihu ya tafi. Malam Lawal da ya ji labari ya aiko cewa shi kam ba zai sake zuwa ba, kar a taɓa masa fansho.

Kwana ɗaya ɗakin ya yi a rufe. Washegari da hantsi, kasuwa na ci, Adda ta zo da fartanya, Sodangi na biye da ita a kan sanda. Suka haƙe ƙasar da ke riƙe da katakon ƙofar, suka ciro ƙyauren ɗungurungum da kwaɗonsa a maƙale, suka jingina shi da bango. Ta rataya asabari a wurin, ta ɗora ruwa a wuta, ta ce na farko ya shigo. Mutane suka tsaya cirko-cirko. An fi rabin sa'a ba wanda ya motsa, sannan wani tsoho mai gyambo ya ce shi dai ƙafarsa ba ta san doka ba, ya shiga.

Da Kabo ya dawo bayan mako biyu ya tarar da layi har bakin kasuwa. Ya tsaya yana duban ƙyauren. Adda ta fito tana goge hannu ta ce, "Kwaɗonka na nan yadda ka bar shi, ranka ya daɗe. Ba wanda ya taɓa shi."

Ya ce ta san zai iya sa a kama ta. Ta ce ba sai an wahalar da ɗan sanda ba, da ƙafarta za ta zo, amma za ta taho da duk waɗannan ta zube masa su a ofis, tun da shi ya san inda ya kamata su je. Kabo ya juya ga mutanen ya tambaye su ko sun manta a nan aka yi sanadin Dauda. Sai wata mata ta miƙe daga kan benci, riƙe da yaro da ya ƙone a hannu. Kubura ce, ko takaba ba ta fita ba, lalura ce ta fito da ita. Ta ce, "Mijina ne ya mutu, yallaɓai, ba na wani ba. Ban yafe ba tukuna. Amma in ka rufe nan, wanga yaron ina zan kai shi, ni da ba ni da ko kuɗin mota?"

Kabo ya dubi hannun yaron. Ya ce a kira Adda gaban manya a Kankiya ranar Litinin, ya shiga mota.

Kafin Litinin ta hau motar Shehu zuwa birni, ta nemi Sista Fadimatu, wadda ke shugabantar ɗakin gaggawa a lokacin, ta faɗa mata komai har da maganar Dauda, ba ta rage ba. Sista ta yi mata faɗa sosai a kan cikin, ta ce ciwon ciki ba a sallamarsa da gobe. Sannan ta ɗauki biro ta rubuta abin da ta gani da idonta: cewa shekara guda ke nan mutanen yankin Kaikai sun ragu a barandarta, waɗanda ke zuwa kuma masu buƙata ne na gaske, kuma in an rufe ɗakin ita za ta fara ji a jikinta. Da wannan takarda Adda ta shiga gaban manya. Suka yi ta muhawara da Turanci, tana tsaye, aka ba ta kujera ta ƙi. A ƙarshe aka yanke cewa ɗakin ya ci gaba da sunan Malam Lawal, ita kuma kar ta yi allura, kar ta riƙe mai ciwon ciki. Ta ce allura dama ba ta taɓa yi ba, na biyun kuma ta riga ta koya da tsada. Kabo da kansa ya miƙa mata mabuɗin. Malam Lawal ya dawo ranar Alhamis a kan kekensa, yana ta kame-kame, ba ta ce masa komai ba sai sannu da zuwa.

Shekara uku bayan haka gwamnati ta gina ɗakin shan magani na bulo da rufin kwano a Kaikai, aka turo malami mai takarda. Da aka zo rabon aiki sai aka rubuta Adda a mai shara. Mutanen gari suka ji haushi, har mai gari ya ce zai yi magana. Ta ce ya bari, su rubuta abin da suka ga dama, ita dai a bakin ƙofa za ta zauna, kuma ba mai wucewa sai ta dube shi.

Abin da ya dame ta daban ne. Ana saura kwana uku bikin buɗewa ta zagaya ginin, ta ga famfo a bango, ta murɗa, ko ɗigo. Ta tambayi magina, suka ce ai famfon na cikin zane, ruwan ne ba ya ciki. Rijiya mafi kusa kuwa tana can bayan kasuwa, kuma tana ƙafewa da bazara. Ranar bikin aka kawo makaɗa, aka jera kujeru, babban baƙo ya iso daga Kaduna. Da motarsa ta shigo gari sai ya tarar da mata sun fi sittin jere a gefen hanya, kowacce da tulu a gabanta a kife, ba guɗa, ba tafi. Ya sauko ya tambayi ma'anar wannan. Aka nuna masa Adda. Ta gaishe shi da ladabi ta ce sun gode da gini, ya yi kyau, amma ita da mi za ta wanke ciwo? Masu rakiya suka yi ta yi mata alama da ido ta yi shiru, ta ƙi ganinsu. Ta ce ya zo ya murɗa famfon da hannunsa. Mutumin ya je ya murɗa a gaban jama'a, ya daɗe riƙe da shi, sannan ya juya ya yi wa wani na kusa da shi magana ƙasa-ƙasa. Jawabin ranar bai yi tsawo ba.

Masu haƙa rijiya suka iso bayan wata biyu. Kullum Adda na bakin ramin tsakanin mara lafiya da mara lafiya, tana leƙawa, tana ce musu bai isa ba in sun ce ya isa. Sun so tsayawa a gaba goma da suka ga laima, ta ce wannan ruwan damina ne, su ci gaba. Rijiyar ta ba da ruwa sosai a gaba goma sha huɗu, ranar wata Laraba, kuma ita ce ta fara jefa guga.